Illela: Talaucin Bakin Iyaka da Gardamar Mai Laifi

A watan Nuwamban 2019 Hukumar Kwastan ta Najeriya, a ƙarƙashin Kanar Hamid Ali mai ritaya, ta ba da umarnin a daina kai fetur duk gidan man da bai wuce kilomita 20 daga iyakar ƙasa ba. Illela kuwa a bakin iyakar take zaune, domin daga tashar garin zuwa Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Da umarnin ya fara aiki, ɗan kabu-kabun da ya ci bashi ya sayi babur sai ya koma sayen mai a galan wajen 'yan bumburutu, da tsada. Mai injin ban-ruwa a fadama haka, mai injin niƙa a cikin unguwa haka. An ce don a daƙile masu fasa-ƙwauri aka yi dokar, amma ta haɗa har da wanda bai taɓa tsallaka iyaka da ko kwalba ɗaya ba.

Wata uku kafin nan, a Agustan 2019, gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Ba a buɗe ba sai ranar 16 ga Disamban 2020, kuma Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe, tare da Seme da Maigatari da Mfun. Kasuwa ta fara farfaɗowa, sai canjin takardun naira ya zo a farkon 2023, kuɗi suka ɓace daga hannu a garin da ake sayen saniya da tsabar kuɗi lakadan. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame iyaka har watan Maris na 2024. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin shinge, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. Naira ta faɗi har jika guda ta sefa ta haura naira dubu biyu, dabbar da ake kawowa daga Nijar ta fi ƙarfin ƙaramin dillali.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka yanke shawararsa a Illela.

Sai kuma alƙaluma. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na binciken 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna rayuwa da ƙasa da naira 137,430 a shekara. Jihar Sakkwato ce kan gaba da kashi 87.7, Legas na da kashi 4.5. A Nuwamban 2022 hukumar ta fitar da wani ma'aunin da ya haɗa da ilimi da lafiya da muhalli da aikin yi: mutum miliyan 133 ne matalauta, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Nan ma Sakkwato ce ta farko da kusan kashi 91, Ondo ta zo ƙarshe da kashi 27.

Duk lokacin da irin wannan rahoto ya fito, gardamar ɗaya ce, masu yin ta ma ba su cika canzawa ba. A jaridun Kudu da shafukan Facebook za a ji masu cewa ai halin 'yan Arewa ne: aure-aure, haihuwa barkatai, ƙin boko, son bara. Maganar takan tashi daga kan hali ta koma kan jinsi, kamar talauci wani abu ne da ke cikin jinin Bahaushe ko Bafulatani. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa talaka ba shi da laifin komai, shugabanni ne suka cinye, Turawa ne suka shuka, Abuja ce ta mayar da yankin saniyar ware. Ko a majalisar mai shayi haka take. Wani ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka, na kusa da shi ya ce ai zafin nema ba ya kawo samu.

Manya ma sun shiga. A Afrilun 2018, a wani taron kasuwanci na ƙasashen rainon Ingila a Landan, Buhari ya yi magana kan matasa masu yawa da ba su yi karatu ba, suna jiran a ba su gida da magani da ilimi kyauta don ƙasarsu na da mai. Maganar ta dawo gida da sunan “cima-zaune”, ta kuma yi wa matasa ciwo. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya bi ta wata hanyar. A Fabrairun 2017 ya yi maganar dokar iyali da za ta hana wanda ba zai iya ciyarwa ba ƙara aure, a Afrilun shekarar ya gaya wa taron zuba jari na Kaduna cewa Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas suna cikin yankunan da suka fi talauci a duniya, a Fabrairun 2020 kuma ya yi gargaɗin cewa Arewa za ta halaka kanta muddin ba ta sauya ba. Wasu sun ce ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Wasu sun ce mai kuɗi ne ke yi wa mai yunwa wa'azi.

Zargin lalaci shi ne mafi sauƙin gwadawa, domin ranar Lahadi kasuwar Illela ke ci. Tun kafin rana ta ɗaga kara ta cika da shanu da raƙuma da tumaki da awaki, wasu an koro su ne da ƙafa daga ƙauyukan Adar. Dillali na riƙe da igiya yana sasanta mai dabba da mai saye don la'adar da ba ta taka kara ta karya ba. 'Yan dako na ɗora buhunan gero da wake da albasa a ka. 'Yan canji na zaune da damin sefa da naira. Yara na tura ruwa a kura, mata na suyar ƙosai da awara, masu lodi na cusa shanu a tirelar da za ta kwana biyu ko uku a hanya kafin ta kai Legas ko Fatakwal. Da an gama girbi kuma, samarin ƙauyukan Kalmalo da Araba da Gidan Hamma da Damba sukan bi motocin nan zuwa cin rani: gadi, yankan farce, wankin takalmi, ga-ruwa, acaɓa. Ba sabon abu ba ne. Tun a farkon shekarun 1950 wani masanin ƙasa Bature, Mansell Prothero, ya bi hanyoyin fita lardin Sakkwato yana ƙirga dubban masu cin rani da ke nufar Kudu da ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Mutumin da ya yi damina a gona, ya yi rani a ƙarƙashin gadar wani birni don ya aiko da kuɗin hatsi gida, ana iya kiransa abubuwa da yawa, amma ba malalaci ba.

To me ya sa aikin ba ya fitar da shi? Amsa mafi gamsarwa ta fito ne daga wani ƙauye kusa da Katsina. Polly Hill, wata masaniyar tattalin arziki 'yar Ingila, ta zauna a Batagarawa a 1967, ta fitar da littafinta a 1972. Abin da ta gano shi ne akwai manoman da talaucinsu ya kai ga hana su noma. Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda abin yake. Ruwa ya sauka, an yi shuka, rumbu kuwa tun bazara ya ƙare. Ranar da ya kamata magidanci ya shiga gonarsa noman fari, ranar ce babu abin ɗorawa a murhu, sai ya saɓa hauya ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya samo tiyar gero. Gonar mai hali ta sami noma a kan kari, tasa ta jira. Kafin ya waiwayo ciyawa ta ci ƙarfin shuka, maimai ma sai a makare. Taki babu, don akuyar da ke ba shi an sayar da ita ranar da matarsa ta kwanta ciwo. Ya ci bashin hatsi lokacin tsada, da kaka ya biya lokacin araha, abin da ya rage ba zai kai shi watan azumi ba. Baɗi sai ya jinginar da gefen gonar. Mai wucewa a mota ya hango gona duk ciyawa ya ce ga ragon manomi, alhali mai gonar tun asuba yake duƙe, a gonar wani.

A gabashin Sakkwato an ƙara masa wani nauyin. Daga Isa da Sabon Birni zuwa Goronyo da Gada da wasu ƙauyukan Illela, 'yan bindiga sun sa manomi ya biya haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. A Oktoban 2021 an kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. Dubban iyalai sun tsallaka zuwa jihohin Maraɗi da Tawa na Nijar gudun hijira. A ƙarshen 2024 rundunar soji ta tabbatar da ɓullar ƙungiyar 'yan bindiga ta Lakurawa a yankin iyakar. Wanda aka kore wa shanu cikin dare ɗaya, babu wa'azin tattali da zai mayar masa da su.

Wannan gardama ba a nan kaɗai ake yin ta ba, kuma a Amurka ta fi shekara sittin tana ci, a kan baƙaƙen fata. A 1965 Daniel Patrick Moynihan, wani jami'in ma'aikatar ƙwadago, ya rubuta rahoton da ya danganta talaucinsu da rushewar iyali, aka yi masa ca cewa yana ɗora wa wanda aka zalunta laifi. A 1984 Charles Murray ya ce tallafin gwamnati ne ke kashe wa matalauta zuciya. William Julius Wilson, baƙar fata masanin zamantakewa da ya yi bincike a unguwannin Shikago, ya amsa a 1987 da 1996 cewa masana'antu ne suka tashi daga birane, aiki ya ɓace, sannan aure da tarbiyya suka bi bayansa. 'Yan siyasa sun fi karkata ga ra'ayin Murray: dokar rage tallafi da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996 har a cikin sunanta akwai maganar ɗaukar nauyin kai. Amma duk wanda ya ga yadda matasan Illela suka cika gindin itatuwa a watannin da iyaka ke rufe, ya kuma ga yadda suka watse zuwa lodi da dako da aka buɗe, zai fi fahimtar Wilson.

Akwai kuma wani ɓangaren da ba a son taɓawa a ƙasar Hausa, wato asali. A 1996, a yankin Ƙonni, aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12 mai suna Hadijatu Mani a kan sefa 240,000, saboda kawai mahaifiyarta baiwa ce. Wanda ya saye ta ya riƙe ta a matsayin wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu, ba sadaki ba ɗaurin aure, ga aikin gida ga na gona. Ta yi shekara tara a haka, ta haifa masa 'ya'ya. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta a 2003, a 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba inda za ta, ai matarsa ce. Ƙaramar kotu a Ƙonni ta ba ta gaskiya, ta gaba da ita ta soke hukuncin. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ce ta tsaya mata har gaban kotun ECOWAS, wadda ranar 27 ga Oktoban 2008 ta sami gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Hadijatu ta yi duk abin da masu wa'azin dogaro da kai ke nema a wajen mutum: ta ƙi yarda da halin da ta sami kanta, ta kai ƙara, ta shiga kurkuku, ta fito ta ci gaba. Duk da haka sai da aka sami doka, da ƙungiya, da lauyoyi, da kotun da ta fi ƙarfin alƙalan garinsu, sannan ƙoƙarin nata ya yi amfani. A ɓangaren Najeriya, Turawa sun ayyana duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 a matsayin ɗa, ba a kuma haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Dokar ba ta zo da gona ko jari ba. Har yau akwai gidajen da ake binciken asali kafin a ba da aure, akwai kuma zuriyar da ba ta gaji fadama ba balle sarauta. Ɗan Arewan da ke jin zafin a yi masa kuɗin goro a Legas saboda ƙabilarsa, ya kamata ya ji irin wannan zafin idan aka raina Buzu ko bawan gida a ƙauyensu.

Su ma magabata ba su ɗauki talauci a matsayin halin talaka kawai ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi zamansa a Degel da ke nan ƙasar Gwadabawa, maƙwabciyar Illela, ya lissafa jangali da kuɗin gari da ƙwace a kasuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ. Bayan shekara fiye da ɗari, Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a kwalejin horar da malamai ta Maru, cikin lardin Sakkwato na lokacin, a 1950, shekarar da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta. NEPU ta ce tsarin En'e ne ya danne talaka. NPC ta Sardauna ta ce a bi a hankali, a gyara daga ciki. Abin da masu kiran sunan Malam a yau suke mantawa shi ne bai taɓa lallashin talaka ba. Ya matsa a kan karatun 'ya'ya mata da 'yancinsu na zaɓe a lokacin da hakan ke jawo jifa. Da jam'iyyarsa ta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, a 1980 kuma Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci wadda ta kai ga samun lambar yabo ta UNESCO. An sauke wa magidanci kaya daga ka, sannan aka miƙa masa allo da alli aka ce ya zo aji da yamma.

Nan ne masu cewa talaka ba shi da laifin komai suke zamewa. Uban da ya ɗauki yaro ɗan shekara shida ya danƙa wa malamin da shi ma ba shi da abin ciyarwa, ba guzuri ba ziyara, ya san abin da ya yi, kuma ba Abuja ce ta sa shi ba. Karatun allo ya raya ilimi a ƙasar nan ɗaruruwan shekaru, amma a da gari ne ke ɗaukar nauyin almajiri, malam na da gona, zakka na isa inda ya kamata. Magidancin da ya sayar da albasa da daraja ya ƙara aure, alhali rufin ɗakin uwargida na yoyo, shi ma zaɓi ya yi. Haka wanda ya cire 'yarsa daga aji huɗu don talla. Haka wanda ke kai wa 'yan bindiga labarin maƙwabcinsa ko ya kai musu mai da burodi a daji. Cewa waɗannan ba su da laifi raini ne, domin mayar da su ne kamar ba su da hankalin bambance daidai da kuskure. Iyaye da yawa masu irin talaucinsu ba su yi haka ba.

Sai dai alhaki gwargwadon iko yake, kuma a nan ne masu wa'azin suke yin shiru. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa uba ya sa ɗansa firamare da ƙaramar sakandare, har da tara da ɗauri ga wanda ya ƙi. Dokar nan ɗaya ta wajabta wa gwamnati ta samar da karatun kyauta, ta kuma ware kuɗin da jiha za ta karɓa idan ta kawo nata kason. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC saboda jihohi ba su kawo ba. Yammacin Najeriya ta fara ilimin firamare kyauta a 1955 ƙarƙashin Obafemi Awolowo, ƙasa baki ɗaya sai a 1976, kuma wannan tazarar ta shekara ashirin da ɗaya ba manomin Illela ne ya shata ta ba. A Afrilun 2012 Goodluck Jonathan ya zo Gagi, a cikin Sakkwato, ya buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko. An gina fiye da 150 a ƙasar, aka miƙa wa jihohi, da yawa suka lalace ba a amfana ba. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci kowa na mayar wa ɗan'uwansa. A 2023 aka kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Uban da aka ce ya kai ɗansa makaranta yana da haƙƙin ya tarar da malami a cikin ajin, da rufi a kansa. Alhazan da ke fitar da tireloli daga kasuwar Lahadi su ma da tambaya a kansu game da zakkar dukiya da ladan yaran da ke yi musu lodi. Direbobi kuwa sun daɗe suna kuka da yawan shingayen da ke tsakanin Illela da Sakkwato, kuma duk abin da aka karɓa a shinge, a kan buhu yake komawa.

Yanzu ana maganar hanya. A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babban titi mai tsawon kilomita 1,068 da zai tashi daga Illela ya dire Badagry a Legas, aikin da ake maganarsa tun zamanin Shehu Shagari. Idan aka gama shi, albasa da dabbobin yankin za su isa bakin teku da sauri, filayen bakin titi za su yi daraja, za a buƙaci masu lissafi da masu fiton kaya a kwastan da makanikai da direbobi masu takarda. Amfaninsa ga garin ya rataya ne a kan abubuwan da har yanzu ba su tabbata ba. A watan da aka ƙaddamar da aikin, Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na ƙawancenta ba, a Mayun 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi gab da babbar sallah, kara ta yi fayau a lokacin da ta fi ci. Yaron da aka sa aji ɗaya a Illela a shekarar da aka fara aikin titin zai gama firamare a 2030, idan malaminsa na zuwa aiki ana kuma biyansa, idan ƙauyensu bai tashi ba, idan kuma babansa bai cire shi ya tura shi dako ba.